Tsohon Ƙulli, Sabon Zane: Fashin Baƙi Kan Dardumar Saƙar Hannu ta Ƙasashen Gabas

Duk wanda ya taɓa zama da dillalan darduma na gaske, ko a kasuwar Tabriz ta Iran ko a rumfunan Istanbul, zai lura cewa idan aka shimfiɗa musu darduma ba su cika ɓata lokaci wajen kallon fuskarta ba. Sukan kama kusurwa ɗaya su naɗe, su duƙa, su bi bayanta da yatsa. Fuskar darduma ta mai saye ce, ita ke jan ido da launi da zane. Bayanta kuwa na masaƙi ne, domin a nan ake ganin ƙulli ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan bambancinsa, kamar yadda mai ido yake juya hular kube ya gane ɗinkin allura daga ɗinkin inji.

Na fara da bayan darduma ne saboda fuskarta ta sauya ƙwarai a cikin shekaru arba'in da suka wuce. Wanda ya saba da dardumar Farisa ta asali, mai babban tambari a tsakiya da rassa da furanni suna kewaye da shi, da iyaka uku ko biyar a gefe, zai iya shiga shagon kayan ƙawa a Milan ko Landan ko Niyok a yau ya kasa gane abin da ke shimfiɗe a ƙasa. Wata kamar bangon da ruwan damina ya wanke wa fenti, wata kamar gajimare idan an hango shi daga jirgin sama, wata kuma tsohon zanen Tabriz ne amma rabinsa ya ɓace kamar an wanke allo. Duk da haka idan aka juya su, ƙullin nan ne dai na kaka da kakanni, an ɗaura shi da yatsu a Katmandu ta Nepal ko Bhadohi ta Indiya ko ƙauyukan lardin Fars na Iran. Masu kishin gargajiya na kallon wannan a matsayin cin amanar sana'a, 'yan kasuwa kuma na cewa shi ya ceci sana'ar daga mutuwa. A ganina, ɓangarorin biyu sun tsaya gardama a kan kamannin zane, sun bar tambayar da ta fi nauyi, wato wane ne ke yanke shawarar zanen, kuma wane ne ke cin moriyarsa.

Kafin a kai ga wannan, dole a san yadda aikin yake. Ana kafa katakon saƙa, a ja zaren tsaye ɗaruruwa a jere, yawanci na auduga, wani lokaci na ulu ko siliki, a ɗaure su tamau. Masaƙiya, domin mata ne suka fi yawa a wannan aiki a Iran da Turkiyya da Afganistan, takan ɗauki zaren ulu mai launi, ta zagaya shi a kan zaren tsaye biyu da ke maƙwabtaka, ta ja shi ƙasa, ta datse da 'yar wuƙar da ba ta barin tafin hannunta. Ƙulli ɗaya ke nan. Idan layi ya cika daga wannan gefe zuwa wancan, sai ta ratsa zaren kwance, wanda ke yin aikin abawa a saƙarmu ta gida, ta daddanne shi da wani mataji mai nauyi har ya zauna daram, sannan ta soma sabon layi. Bakunan zaren da aka datse su ne gashin da ƙafa ke takawa, gezar da ake gani a ƙarshen darduma kuwa ragowar zaren tsayen ce, don haka idan ka ga geza an ɗinka ta daga baya, to akwai abin tambaya. Ƙullin iri-iri ne. Na Turkiyya yana rungumar zaren tsaye biyun gaba ɗaya, shi ya sa ya fi ƙarfi kuma ya fi dacewa da zane mai kusurwoyi. Na Farisa yana rungumar ɗaya ya ratsa ta ƙarƙashin ɗayan, wanda ke ba da damar a matse ƙulli sosai a fitar da lanƙwasar reshe da fure. Na Tibet kuma hanyarsa daban ce: ana nannaɗa zaren a kan zaren tsaye da kan wani siririn ƙarfe a lokaci guda, sai an gama layin a bi ƙarfen da wuƙa a tsaga madaukan.

Ƙaramin lissafi zai nuna nauyin aikin. Dardumar falo mai faɗin mita 2 da tsawon mita 3, idan tana da ƙulli 250,000 a kowace murabba'in mita, wanda matsakaici ne a ma'aunin biranen Iran, tana ɗauke da ƙulli miliyan ɗaya da rabi. Idan muka ƙaddara masaƙiya tana ɗaura ƙulli 8,000 a yini, wanda sai gwana ce ke kaiwa, za ta shafe fiye da wata shida a zaune a gaban katako ɗaya. Wannan bai haɗa da sausayar tumaki da wanki da kaɗi da rini ba, bai kuma haɗa da aski da wankin ƙarshe ba. Babu zanen zamani da ya rage ko ƙulli ɗaya daga wannan wahala.

Ƙullin ya tsufa ƙwarai. A 1949 masanin tarihi ɗan Rasha Sergei Rudenko ya tono wani kabari a Pazyryk, cikin tsaunukan Altai na Saberiya, inda ƙanƙara ta adana wata darduma tun wajen ƙarni na 5 zuwa na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tana nan a gidan tarihi na Hermitage da ke Rasha, da jerin mahaya dawaki da bareyi a gefenta, kuma ƙullinta ya kai kusan 36 a kowace murabba'in santimita, wato ta fi yawancin dardumomin da ake sayarwa a yau matsewa. Saboda haka hannu bai canza ba cikin shekaru kusan 2,400. Zane ne bai taɓa zama wuri ɗaya ba, kuma a nan ne masu cewa an ɓata gargajiya suke mantuwa. Tun fil azal hanyoyi biyu ne. Akwai ta makiyaya da ƙauyawa, inda mace ke saƙa abin da ta haddace daga uwarta, ta ƙara nata, ba takarda ba mai duba ta. Akwai kuma ta birni da fada, wadda ta bunƙasa a zamanin daular Safawiyya ta Iran a ƙarni na 16, lokacin da masu ƙawata littattafai suka soma tsara zanen darduma a takarda, masaƙa kuma su bi. Dardumar Ardabil da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, mai tsawon fiye da mita 10, tana ɗauke da shekarar 946 ta Hijira, wato 1539 zuwa 1540, da baitin Hafiz, mawaƙin Farisa, da sunan Maƙsud mutumin birnin Kashan na Iran. Suna ɗaya tak aka saƙa a jikinta, alhali aiki irin wannan sai hannaye da yawa cikin shekaru. Raba mai zane da mai saƙa, da ɗaukaka sunan ɗaya a binne na sauran, ya kusa shekara 500.

Haka ma biyan buƙatar baƙo ba sabon abu ba ne. A 1634 wani ɗan kasuwar Ingila, Robert Bell, ya ba ƙungiyar sana'arsu a Landan kyautar darduma da aka saƙa a Lahore, da tambarin ƙungiyar zaune a tsakiyar furanni irin na daular Mugal ta Indiya. A 1883 kamfanin Ziegler na Manchesta ya buɗe ofishi a Sultanabad, garin Iran da ake kira Arak a yau, ya riƙa ba masaƙa zaren da aka rina da zanen da aka sassauta, launuka masu sanyi da furanni manya, daidai da ɗakunan Turawa. A shekarun 1920 da 1930 kuma, dardumomin Saruk na Iran da aka kai Amurka akan wanke su da sinadari, sannan a bi su da sabon rini a ƙara duhun jan domin abin da masu saye ke so ke nan. Waɗannan dardumomi na Ziegler, da aka saƙa don kasuwa tsantsa, su ne a yau ake sayarwa da tsada a matsayin kayan tarihi. Zamanin jiya ne ya zama gargajiyar yau.

Abin da ya yi wa sana'ar illa ta gaske rini ne. A 1856 William Perkin ya gano rinin sinadari na farko a Ingila, kuma cikin 'yan shekaru rinin kwalba mai arha ya isa ƙauyukan Anatoliya da Farisa. Na farko-farkon ba su da aminci: jan da ke ƙyalli a kasuwa yakan koɗe ya koma ruwan toka, wani kuma ya zube cikin farin da ke kusa da shi da zarar ruwa ya taɓa. Har hukumomin Farisa suka yi ƙoƙarin hana shigo da shi, amma arha da sauƙi suka yi rinjaye. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fitar da shunin sinadari kasuwa. Mu ma wannan labari bai zame mana baƙo ba, domin wanda ya je marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yawan ramukan da aka daina tsoma baba a cikinsu, ya ga ɗan'uwan abin da ya faru a can. Kafin tsakiyar ƙarni na 20, ilimin haɗa ja daga saiwar tsiron da Farisawa ke kira runas, da ruwan ɗorawa daga ɓawon rumman da furannin jeji, da kama launi da alif, ya kusa gushewa daga ƙauyuka da yawa.

Farfaɗowar ta zo ne ta hanyar da ba a zata ba. Wani malamin kimiyyar sinadarai ɗan Jamus da ke koyarwa a Istanbul, Harald Böhmer, ya riƙa ɗibar zare daga tsofaffin dardumomi yana bincike har ya gano tsirran da aka rina su da su. A 1981, tare da Jami'ar Marmara, aka kafa shirin DOBAG a ƙauyukan Ayvacık da Yuntdağ na yammacin Turkiyya, inda mata suka koma rini da tsirrai da kaɗin hannu, suna saƙa zanen kakanninsu cikin ƙungiyoyin haɗin kai. A daidai wannan lokaci a kudancin Iran, 'yan kasuwar Shiraz irin su gidan Zollanvari suka mai da hankali kan gabbe, wata kakkaurar darduma mai dogon gashi da matan ƙabilun Ƙashƙa'i da Lur ke saƙa wa kansu don kwanciya. A da babu dillalin da ke kallonta da daraja, saboda ƙullinta tsilli-tsilli ne, zanenta kuma fili ne mai launi ɗaya da 'yar akuya ko bishiya ko zaki a wani gefe. Amma idon Bature da ya saba da zanen zamani na gidajen baje kolin fasaha ya ga wani abu a cikinta da ya yi daidai da ɗakinsa. Wannan wuri ne da ya kamata a tsaya a yi tunani, domin a nan ba Turai ce ta kawo sabon zane ƙauye ba, ƙauyen ne yake da shi tuntuni. Har abin da ake kira abrash, wato ɗan bambancin launi da ke ratsa darduma idan ulun da aka rina a tukunya ɗaya ya ƙare aka ci gaba da na wata tukunyar, wanda a da ake ɗauka aibi, ya koma abin nema, har masu inji suna kwaikwayonsa. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya saƙar darduma ta Fars da ta Kashan cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam, kuma ɗaya ta haddace ce, ɗaya ta takarda.

Sai dai cibiyar dardumar zamani ta ainihi ba Iran ba ce, ba kuma Turkiyya ba. Nepal ce, ƙasar da kafin 1959 ba a san ta da wannan kasuwa ba. A wannan shekara dubban 'yan Tibet suka tsallako tsaunukan Himalaya suna gudun hijira, kuma a farkon shekarun 1960 ƙungiyar Red Cross da masu ba da agaji na Suwizalan suka taimaka aka kafa cibiyar saƙa a Jawalakhel, kusa da Katmandu, domin su sami abin dogaro. Dardumar Tibet ta asali ƙarama ce, ta zama da kwanciya, mai zanen dodanni da gajimare. Da 'yan kasuwar Jamus suka shigo, sai aka faɗaɗa ta, aka sanyaya launinta, aka rage zanen, aka gauraya ulun tumakin Tibet mai maiƙo da na Niyuzilan. Kafin farkon shekarun 1990 darduma ta zama kan gaba a kayan da Nepal ke fitarwa waje. Dalilin da ya sa masu zane suka yi wa Nepal rububi a fili yake. Ƙullin Tibet ya fi sauri, masana'antar sabuwa ce da ba ta ɗaure da wani tsohon zane da za a ce an keta ba, masu ita kuma a shirye suke su saƙa duk abin da aka aiko, guda ɗaya tak, da girman da mai saye ya zaɓa. Ta wannan ƙofa James Tufenkian da Stephanie Odegard suka shigo daga Amurka a shekarun 1980, kamfanin The Rug Company na Landan da aka kafa a 1997 ya jawo masu tsara tufafi irin su Paul Smith da Vivienne Westwood suka zana darduma, daga baya kuma kamfanin cc-tapis na Milan ya biyo baya.

Yadda aikin ke tafiya a yau shi ne, mai zane yana zaune a gaban kwamfuta a Turai ko Amurka, da akwatin tuntayen ulu masu launi ɗaruruwa a gefensa, kowanne da lambarsa. Ya zana abin da yake so, manhaja ta rarraba hoton zuwa ƙananan murabba'ai, kowace murabba'i ƙulli ɗaya. Akwai ma manhajar da aka ƙirƙira a Katmandu musamman don wannan, mai suna Galaincha. Ana buga taswirar a rataye ta a gaban masaƙa, marini kuma ya haɗa launuka bisa lambobin. Akwai wani abu a nan da masu saye ba su cika sani ba. Zanen gargajiya yana da maimaici, fure na dama shi ne na hagu, iyaka kuma tana dawowa kamar amshin waƙa, don haka bayan 'yan kwanaki hannun masaƙiya ya haddace, tana saƙa tana hira. A Kashmir ma akwai tsarin da ake kira talim, inda ake rubuta zanen da alamomi, mutum ɗaya ya riƙa rera adadin ƙulli da launi, sauran suna bi da hannu. Zanen zamani mai kama da fentin da aka watsa ba shi da amshi. Kowane layi daban ne da na ƙasansa, launuka gwammai suna cakuɗe, wasu ma da ƙyar ido ke bambance su, don haka dole ta ɗaga kai ta duba takarda kusan a kowane ƙulli. Dardumar da ta fi kama da sakaci a fuska, sau da yawa ita ce ta fi cin ido da ƙwaƙwalwar wadda ta saƙa ta.

Idan aka yi wannan haɗi da gaskiya, sakamakon yana da kyau ƙwarai, kuma ba na ɓoye sha'awata gare shi. Jan Kath, ɗan gidan dillalan darduma daga Bochum a Jamus, ya shahara da ɗaukar tsohon zanen Farisa ko na Turkiyya ya sa a saƙa shi kamar shekaru sun cinye wani sashensa. Gogewar nan ba da reza ko sinadari aka yi ta ba, saƙa ta aka yi tun daga katako, ƙulli bayan ƙulli, sau da yawa da siliki a inda zanen ya ɓace, don haka ƙarfin dardumar yana nan cif. Faig Ahmed na Azabaijan ya fi shi zurfafawa: dardumarsa takan fara daga sama da zanen gargajiya cikakke, sai a tsakiya launukan su narke su kwararo ƙasa kamar kitsen da ya ji wuta, kuma masaƙan ƙasarsa ne ke ɗaura kowane ƙulli na wannan narkewa. Mutum bai isa ya rushe zane haka ba sai ya san dokokinsa, kuma wanda ya kalli aikin yakan koma ya ƙara girmama tsohon zanen da aka taɓa.

Amma inda kasuwa ta buɗe, jabu ba ya nisa. Na taɓa tsayawa a wani shagon darduma a Dubai tare da wani dattijo da ya daɗe a harkar, mai shagon yana rantse mana cewa wata darduma mai sheƙi siliki ce zalla. Dattijon bai yi gardama ba. Ya nemi izini, ya tsinko ɗan zare daga gashinta, ya kunna masa ashana, ya miƙo mini in shinshina. Warin takardar da ta ƙone ne ya bugi hancina, tokar kuma ta watse fara fat. Siliki na gaske warin gashin da aka babbake yake yi, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo da ke murƙushewa a yatsa. Abin da ke gabanmu biskos ne, zaren da ake sarrafawa daga itace da sinadari, wanda ake yi wa laƙabi da silikin gora ko silikin ayaba. Yana da kyau a shago, amma kofin ruwa ɗaya ya isa ya bar masa tabo mai ɗorawa-ɗorawa, gashin ya kwanta ya ƙi tashi. Akwai kuma dardumar bindiga, wadda ake harba zare cikin yadi da wata 'yar na'ura ta hannu, a shafe bayan da gam, a rufe da ƙyalle, a sayar da sunan aikin hannu. Babu ƙulli ko ɗaya a jikinta, kuma idan gam ɗin ya bushe sai ta soma zubar da gari. Sannan akwai tsufan ƙarya, inda ake aske sabuwar darduma har kusa da zaren tsaye, a jiƙa ta da sinadarin koɗar da launi domin ta yi kama da ta gado, alhali an cinye rabin rayuwarta kafin ta bar masana'anta. Dardumar inji irin ta Gaziantep a Turkiyya, wadda yawancin dardumomin sallah da alhazai ke kawo mana tsaraba danginta ne, ba ta cikin wannan zargi, domin ba ta ɓoye ko ita mece ce, kuma tana biyan buƙata daidai kuɗinta. Laifin yana ga wanda ya karɓi kuɗin wata shida na aikin yatsu a kan abin da aka gama cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma tabon da ya fi na ruwa muni. Lokacin da kasuwar ta yi tashe a shekarun 1980 da farkon 1990, an cika rumfunan saƙa a Indiya da Pakistan da Nepal da ƙananan yara, wasu an jinginar da su ne a kan bashin iyayensu. Hujjar da ake kafawa, wai ƙananan yatsu sun fi iya matse ƙulli, ba ta da tushe, domin dardumomi mafi inganci manya ƙwararru ne ke saƙa su. Arha da rashin bakin magana ne suka sa ake neman yaro. A 1994 rahoton wani gidan talabijin na Jamus ya girgiza kasuwar Nepal, kuma a wannan shekara Kailash Satyarthi na Indiya, wanda daga baya ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2014, ya jagoranci kafa tambarin Rugmark, wanda yanzu ake kira GoodWeave, domin a riƙa kai ziyarar ba-zata wuraren saƙa. A 1995 aka harbe Iqbal Masih, yaron Pakistan da ya tsere daga rumfar saƙa ya riƙa faɗa wa duniya abin da ya gani, yana da shekara 12 kacal. A shekarar ne kuma aka kafa Label STEP a Suwizalan, mai duba albashi da yanayin aiki. Adalci ne a faɗa cewa da yawa daga manyan kamfanonin zanen zamani sun shiga waɗannan tsare-tsare, domin mai sayen darduma mai tsada yana tambaya, kuma an samu sauƙi. Amma saƙa aiki ne da ke warwatse a gidaje da lunguna, ɗan kwangila na ba ƙaramin ɗan kwangila, kuma idon mai duba ba ya kaiwa ko'ina.

Siyasa ma ta sa hannu wajen sauya taswirar sana'ar. Amurka ta hana shigar da dardumar Iran a 1987, ta buɗe ƙofa a 2000, ta rufe a 2010, ta sake buɗewa a 2016, ta kuma rufe a 2018. Duk lokacin da aka rufe, odar kan koma Indiya da Pakistan, inda ake saƙa zanen Tabriz da Kashan da Heriz a Bhadohi ko Lahore. Masaƙiyar Kashan, wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba, ita ke zama da dardumar da ta rasa mai saye, yayin da sunan garinta ke ci gaba da kawo riba a hannun wasu.

Wannan ya dawo da mu kan batun suna. A takardar da ke liƙe da dardumar zamani, za ka ga sunan mai zane da manyan baƙaƙe, sai a ƙasa a rubuta an saƙa da hannu a Nepal, kamar ƙasa ce ta zauna ta ɗaura ƙullin. Masaƙiya yawanci bisa faɗin abin da ta saƙa ake biyanta, rabonta kuma ɗan kaɗan ne daga farashin da ake kira a Milan. Ya kamata wannan ya taɓa zuciyar Bahaushe, domin jar fatar akuyar Sakkwato da dukawanmu da majema suka sarrafa, da ta tsallake Sahara ta isa Turai, da sunan fatar Maroko aka san ta. Sakamakon wannan rabo ya soma bayyana a fili. Samarin Nepal sun fi son tafiya aikin ƙarfi a ƙasashen Larabawa na Gulf ko Malesiya da su zauna a gaban katako, 'yan matan ƙauyukan Iran da Turkiyya da suka samu karatu ba su ga dalilin komawa aikin da ya sunkuyar da bayan iyayensu mata ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Zanen zamani ya nemo wa darduma sababbin masu saye, wannan gaskiya ne, amma bai riga ya nemo mata sababbin masaƙa ba.

Shi ya sa na fi mai da hankali kan wuraren da sabon zanen ke fitowa daga kan mai saƙar kanta. Bayan shigar sojojin Tarayyar Sobiyat Afganistan a 1979, masaƙan ƙasar, musamman 'yan ƙabilar Baluch, suka soma sanya tankokin yaƙi da jirage masu saukar ungulu da bindigogi a inda a da ake sanya fure, ba tare da wani mai zane ya aiko musu da taswira ba. Abin da suka gani suka saƙa, duk da cewa daga baya kasuwa ta mai da shi hajar sayarwa ga baƙi. A Rajasthan ta Indiya kuma, kamfanin Jaipur Rugs, wanda Nand Kishore Chaudhary ya soma a 1978 da katakon saƙa biyu da masaƙa tara, ya fito da wani tsari mai suna Manchaha, wato abin da zuciya ke so. Ana ba masaƙiya ragowar zaren da ya saura daga sauran ayyuka, ba taswira, ba lambar launi, a ce ta saƙa abin da ta ga dama. Matan da suka shekara ashirin suna bin takardar wani sukan fara da ɗari-ɗari, sannan su saki hannu, sai ka ga dabbobin gida da ganyaye da kayan girki sun bayyana cikin launukan da babu makarantar zane da za ta haɗa su wuri ɗaya. Ba dukkansu ne ke da kyau ba, wasu layukansu a karkace suke, wasu launin ya yi musu yawa. Amma babu guda biyu da suka yi kama, ana sayar da su a shagunan da ake sayar da na manyan masu zane, kuma kowace tana fita kasuwa ne da sunan matar da ta saƙa ta.